Kwamfutoci Tara da Anka Ce Hodi Ya Ƙona

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Babbar Sallah, a ofishin Ƙungiyar Noman Rani ta Bakin Gulbi da ke Argungu, Hodi mai janareta ya tada inji kamar kullum, ma'aikata sunka danna kwamfutocinsu, ko guda ba ta buɗe ido ba. Tara ne. Duk taran sunka yi shiru kamar gawarwakin da anka jera ana jiran liman.

Kafin azahar magana ta kai bakin kasuwa. Anka ce Hodi ya sakar masu wuta da gangan, don kwana uku kafin Sallah shugaban ofishin, Alhaji Abdussamadu, ya yi mashi faɗa gaban mutane a kan zuwa aiki a makare, kuma an ga Hodi ya fita shina ƙunƙuni. Masu sayar da albasa sunka ce dama idonai bai yi masu ba. Masunta sunka ce tun shina yaro haka yake, in ya yi fushi ba ya magana. Alhaji ya karɓe makullin ɗakin janareta, ya ce ranar Alhamis za shi ba Hodi takardar kora, daga nan kuma sai hannun 'yan sanda. Shekara goma sha ɗaya Hodi na wanga aiki, da mata da ɗiya huɗu. Kuma wanda anka kora da sunan ƙona kayan mutane, ko injin ban ruwa ba mai sake barin shi ya taɓa a fadamar nan.

A nan ne na shigo. Ni ne Arzika mai bin sawu. Ban taɓa zama aji ba, ko na allo ban daɗe ba, amma ƙasa ba ta taɓa ɓoye mani abin da anka rubuta a kanta ba. Dorina ta kifar da jirgina a gulbi, na fito. Ɓarayin shanu sun sa mani kibiya a cinya, ga tabon nan, na kuma dawo da shanun. Amai da gudawa ya kwashe rabin unguwarmu, ni da anka shimfiɗar don a yi mani wanka na tashi na nemi fura. Malamin da ke rubuta mani wanga labari ya ce in taƙaita yabon kai, na ce mashi ai taƙaitawar ke nan.

Uban Hodi abokina ne, tare munka yi su a gulbi shekara ashirin. Da Hodi ya zo ya durƙusa a zaurena bai yi doguwar magana ba.

"Baba, ban ƙona ba."

Na ce ya tashi ya ɗauko mani sandata.

* * *

Alhaji Abdussamadu ya tarbe ni da dariya. Ya ce shi bai ga abin da mai bin sawun shanu zai bi ba a cikin ofis, tunda ba abin da ya ɓace. Kwamfutoci tara ne, ga su tara, kowace da sitikar ƙungiya a goshi. Na ce ya bar ni in duba, in ban samu komai ba in sha ruwan sanyi in koma gida.

Ruwan sanyin na fara sha, daga firjin ofis, da sauran sanyinai. Na tambaya ko shi ma a janaretan yake. Anka ce e. Fanka fa? Ita ma. Na ce to wagga wuta mai tarbiyya ce, ta tsallake firji da fanka ta zaɓi kwamfuta. Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Ƙasa ba ta da abin faɗa mani. Mutum talatin sun tattake tsakar gida tun safe, ga ragunan maƙwabta. Sai na ce a kawo sukudireba a buɗe mani cikin guda. Da anka cire murfin na leƙa, na ga abin da ya sa na zauna a ƙasa don in duba da kyau. Gidan zanzaro ne, manne da fankar cikin, har ɗaki uku, na jar ƙasa. Kowane ɗaki ƙofarsa a huje, 'ya'yan sun girma sun tashi.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗakin kara ya san zanzaro. Da damina take gini, lokacin da laka ke samuwa, ta sa ƙwai ta toshe, sai an yi makonni ɗan ya huda ya fita. Kuma ba ta gini inda ke motsi da zafi. Injin da anka ce shina aiki har jajibirin Sallah ba ya da gidan zanzaro a kan fanka.

Munka buɗe sauran, shida na da shi. A bayan ta tara kuma, daga waje, na ga rabin gida manne da ƙarfe, ya tsage tsaf kamar an raba ƙwarya biyu. Na duba bangon da take jingine, ba sauran rabin. Na ɗaga kai na duba gidajen zanzaron da ke kusurwar silin na ofishin. Baƙaƙe ne, lakar fadama.

Na ce ma Alhaji waɗanga ba jiya sunka mutu ba, kuma ba nasa ba ne. An kwashe masu rai an jera mashi matattu. Ya ce in da gaske nake in kawo shaida wadda ba ƙwaro ba, don babbar kwamfutar hedikwata a Birnin Kebbi ta ce tara ke akwai, ba ta kuma ce an canza ko guda ba. Rajistar Argungu mai ɗauke da lambar kowane inji kuwa tana cikin ɗaya daga cikin taran. Ya ce Alhamis tana nan yadda ya faɗa.

* * *

Tamba maigadi na zaune bakin ƙofa shina jan carbi da ƙarfi fiye da yadda zikiri ke buƙata. Kafin in tambaye shi ya rantse mani cewa duk hutun nan bai ɗaga daga tabarmar nan ba, ko Idi bai je ba saboda amana. Wasu ma'aikata dama sun fara raɗa cewa in sata ce, to da hannunai, don an ga sabuwar riga a jikinai.

Na zauna kusa da shi na ce, "Tamba, a filin Idi sahu na huɗu nake. Da anka yi sujada na ɗago, dugadugan da ke gabana na san su kamar tafin hannuna. Na hagu na da faso mai reshe biyu."

Ya janye ƙafarsa ƙarƙashin riga. Daga nan ya faɗi gaskiya: ya je Idi, daga can ya wuce gidan ƙanenai ya yanka mashi rago, ya tsaya cin hanta, bai dawo ba sai da anka kira azahar. Rigar kuma surukinai ya ɗinka mashi. Ya roƙe ni kada in faɗa ma Alhaji. Na ce wannan tsakaninai da Alhaji ne, ni makulli nake tambaya, tunda ba a fasa kwaɗo ba. Ya ce uku ne: nasa, na Alhaji, da na ajiya da ke rataye a ƙusa a hedikwata, inda kowane ma'aikacin can ke iya miƙa hannu.

Wanda ya yi aikin nan ya san garinmu. Ya san hantsin Sallah in ka shigo da mota ka kwashe Argungu duka, sai akuya kaɗai za ta gan ka.

* * *

Talata da safe na shiga mota zuwa Birnin Kebbi. Hedikwatar na unguwar Gesse, cikin gidajen nan masu kama da juna da ko ni sai da na tambaya. Wadda ke kula da babbar kwamfuta sunanta Kausar, injiniya ce, ba ta kai jikata ta fari shekaru ba. Ta gaishe ni da ladabi, amma hannunta na ta gyara mayafin da bai zame ba. Na ce a raina wagga tana da abin da ta binne.

Na ce ta yi mani bayanin aikin injinta kamar tana yi ma wanda bai san bihim ba. Ta ce kowace safiya babbar kwamfuta tana aika tambaya Argungu ta waya: mi kuke da shi? Sai amsa ta dawo a dunƙule, kowane kaya da sunansa da irinsa da ranar da anka saye shi da lambar da masu ƙera shi sunka buga mashi. Aikinta shi ne ta tsara jadawalin da ke nuna ma injin inda kowane guntun amsa za shi faɗa: kwamfuta wajen kwamfutoci, firinta wajen firintoci, suna a gurbin suna, kwanan wata a gurbin kwanan wata. Kuma kowane gurbi da irin abin da yake karɓa.

Na ce ai wannan rabon kifi ne a bakin gulbi, giwan ruwa kwandonsa daban, tarwaɗa daban, ƙarfasa daban. Ta ce haka ne, Baba. Na ce to ta buɗe mani kwandon lamba mu gani.

Da ta buɗe baki sai ga abin da ta binne. Waɗanda sunka kafa injin sun yi gurbin lamba ya riƙa karɓar alƙaluma zalla. Lambobin masu ƙera kuwa gauraye suke da haruffa, kamar shinkafa da tsakuwa. Duk safiya in sun iso, gurbin ya ƙi su. Gyaran ba wuya, a mai da gurbin mai karɓar kowane irin rubutu, amma sai an rubuta ma kamfanin da ya kafa injin an jira izini, ita kuma sabuwar zuwa ce, tana tsoron a ce ba ta iya aiki ba. Sai ta cire layin daga jadawali na ɗan lokaci, ɗan lokacin ya zama wata takwas. Ke nan babbar kwamfutar da Alhaji ke rantsuwa da ita kawuna kawai take ƙirgawa. Makiyayin da ya san shanunai tara ne amma bai san kamar ko guda ba, ko jakai ka jera mashi zai ce sun cika.

Ta fara hawaye, ta ce yanzu ita za a ce ta shirya satar. Gaskiya na ɗan zarge ta, na kusan minti biyu. Amma ɓarawo ba ya nuna maka ramin da ya bi.

Na tambaye ta, kafin ta cire layin, kwana nawa injin ya yi shina ƙin lambobin. Ta ce kamar sati biyu. Na ce, "Ɗiyata, kifin da kwando ya ƙi ba ya komawa ruwa da kansa. Ana jefar da shi gefe. Injinki ina yake jefar da nasa?"

Ta dube ni kamar na yi mata Turanci. Sai ta juya da sauri ta shiga danne-danne. Ashe injin na da wani littafi da yake rubuta duk abin da ya ƙi karɓa, da dalilin ƙin, wanda ba mai karantawa. Can ƙasa, wata takwas baya, ga lambobin Argungu tara a jere, kowace an rubuta ta sau goma sha huɗu. Ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta ce a makaranta ya kamata in koyar. Na ce sun yi latti.

* * *

Saura in san inda matattun sunka fito. Sito na bayan ofishin hedikwatar, mai riƙe da shi Sama'ila Riskuwa, mutum mai fara'a da tumbi da hular da ba ta zama daidai. Ya san ni, ya ce tun shina yaro yake jin labarin dorinar nan. Ya kawo mani soyayyen naman layya a kwano, na ci, don ban ga laifin naman ba.

Na tambaye shi ko shina da matattun kwamfutoci. Ya ce da akwai, amma tun kafin ruwan farko ya ba 'yan gwangwan su duka, ya huta da tarkace. Ya buɗe mani in gani. Sito a share tas kamar ɗakin amarya, bango da koren fenti, kantoci ba ƙura. Na yi shekara saba'in da wani abu ban taɓa ganin namiji ya share sito haka don Allah ba.

Na ce mashi jikata na fama da hangum, kumatu sun kumbura, ko zan samu gidan zanzaro in kwaɓa in shafa mata. Ya ce ai shi ma da shi anka yi mashi magani shina ƙarami. Munka shiga nema tare. Na durƙusa ina leƙen bayan kanta ta ƙasa, inda tsintsiya ba ta kai, sai ga shi a bango: rabin gida, ja, a tsage. Riskuwa da kansa ya ara mani wuƙar yankan farce, ya haska mani da wayarsa, har shina ce mani in bi a hankali kada ya ruguje. Na ɓamɓaro shi da ɓawon fentin a bayansa, na naɗe a auduga cikin gwangwanin tabata. Ya yi ma jikata addu'ar samun sauƙi. Na ce amin, don addu'a ba ta ɓaci, ko da yake lafiyarta lau.

* * *

Alhamis da hantsi anka taru a ofishin Argungu. Na ce ma Alhaji ya kira Kausar da Riskuwa a matsayin shaidun kora, sunka zo mota guda. Ga Tamba a bakin ƙofa, ga Hodi a tsaye jikin bango, ga takardar korar a kan tebur an sa mata hannu. Ma'aikata sun cika tagogi.

Na fara da Tamba, ya faɗi inda ya je da bakinai, Alhaji ya harare shi ya ce za su yi magana. Sannan Kausar ta miƙe. Ba ta rage komai ba, ta faɗi layin da ta cire da dalilinta. Ta fiddo takardar lambobin, tana karantawa wani ma'aikaci na duba bayan kowane inji. Guda bayan guda har tara, ba wadda ta dace.

Alhaji ya cire tabarau. Ya ce to an canza su, ya yarda, amma mi zai hana a ce Hodi ne ya canza?

Na ce Hodi bai san babbar kwamfuta makauniya ce ba. Wanda ya yi wanga aiki ya san ba a riƙe da lamba a hedikwata, shi ya sa ya ɗauke har mai rajistar ya kwanta da hankalinai. Na tambayi Kausar ko ta taɓa faɗa ma wani. Ta ce mutum guda. Ta taɓa zuwa sito neman takardun sayen kayan don ta shigar da lambobin da hannu, ta yi ma mai siton bayani, ya ce ta bari sai ya nemo.

Duk kawuna sunka juya. Riskuwa ya yi dariya, ya gyara hula. Ya ce jin magana ba laifi ba ne, shi matattunsa sun bar hannunai tun bazara, kuma jar ƙasa ai ta cika Birnin Kebbi, zanzaro ba ta da katin shaida.

Na ce gaskiya ne. Na sa anka juyo da kwamfuta ta tara, bayanta na kallon jama'a. Na buɗe gwangwani, na warware auduga, na ɗora rabin da ke hannuna a kan rabin da ke jikin ƙarfen. Sunka haɗe, tsaga ta shiga tsaga, ko gashi ba ya wucewa. Na juya shi don kowa ya ga koren fenti.

"Sama'ila, wa ya haska mani lokacin da nake cire wanga?"

Na ƙara mashi wata tambayar.

"Da damina zanzaro ke gini. Injin da ka ba 'yan gwangwan da bazara, yaya anka yi ya jingina da bangonka da damina?"

Sai ya cire hular gaba ɗaya ya riƙe a hannu, ya zauna. Abin da ya fi ba shi haushi, in ji shi, wuƙarsa ce anka yi aikin da ita. Daga nan ya faɗi sauran. Wani shago ya kama a unguwar Badariya, can Birnin Kebbi, zai buɗe wurin koyon kwamfuta. Ya lissafa cewa za a ce wuta ce ta ƙona su, a yi tsaki a sayo sabbi, bai yi zaton za a ɗora ma mutum ba. Da ya ji an ɗora ma Hodi kuma, ya ga yin shiru ya fi sauƙi. Taran masu rai na can a shagon, ko sitikar da ya ɓamɓare bai gama goge sawunta ba. Alhaji ya tura mota tare da shi da mutum biyu, ya ce maganar hukuma sai kayan sun dawo. Kausar kuma ya ce ta rubuta wasiƙar neman izinin nan yau, shi zai sa hannu.

Sannan ya ɗauki takardar korar ya yaga ta huɗu, ya miƙa ma Hodi makulli, ya ce ya yi haƙuri, shaiɗan ne.

Hodi bai miƙa hannu ba. Ya ce, cikin ladabi, shi ba a ofis anka ɓata mashi suna ba, a kasuwa ne, kuma kasuwa ba ta ga an yaga takarda ba.

"To mi kake so, Hodi?"

"Alhaji, an kusa kiran azahar. Mu tafi masallaci tare, a ƙasa, ta cikin kasuwa."

Alhaji Abdussamadu mutum ne da ko ƙofar gidanai da mota yake zuwa. Ya dubi rana ta taga, ya dubi takalmansa masu sheƙi, ya dube ni. Na ce ni da kibiya a cinya na taka daga dajin Gulma har gida. Ya yi ajiyar zuciya ya miƙe, ya kama hannun Hodi kamar yadda aminai ke yi.

Haka sunka ratsa layin masu albasa, sunka bi ta masu kifi, Alhaji na zufa shina amsa gaisuwa, duk rumfar da sunka wuce sai ya tsaya ya ce, "Kun san Malam Hodi, injiniyanmu." Waɗanda sunka ce idonai bai yi masu ba su ne sunka fara miƙo hannu.

Ni ina baya da sandata, idona a ƙasa, don ba na iya bari. Sawun Alhaji gajeru ne, shina jan ƙafar dama, takalmin na cizonsa. Na Hodi kuwa dugadugai na nutsewa cikin rairayi, taki mai faɗi, kuma na lura da gangan ya bi da shi ta doguwar hanya.